Sawun Baro a Gidan Ruwa

Da safe na tarar da ƙofar siton maganin tace ruwa a wangale, kwaɗon a ƙasa an datse shi. Ni ne mai gadin rana a gidan ruwa na gwamnati, inda ake tace ruwan da gari ke sha. Kafin nan aikin gandun daji na yi, ina bin sawun ɓarayin katako, har gwiwa ta gaji aka jefo ni bakin ƙofa. Shi ya sa kowa ke ce mini Baba Mai Sawu. Duk inda na shiga ƙasa nake fara dubawa, har matata kan ce ranar da muka fara haɗuwa ma ƙafarta na kalla kafin fuskarta.

An yi ruwa jiya da yamma, filin da ke gaban siton ya yi laushi. Na ɗauko igiya na zagaye shi kafin ma'aikata su iso, don na san halinsu. In aka yi sata, kowa sai ya zo ya tattake wurin yana salati.

Ba a jima ba aka yi ihu daga bayan shingen waya, wajen gidajen ma'aikata. An ga buhunan maganin tace ruwa jibge a bayan ɗakin Malamar Awo, da baro a kife, da takalmanta na roba duk taɓo.

"Dama mun faɗa!" in ji wani direba. "Mai tona asirin mutane ashe ita ce uwar ɓarayin."

"A fito da ita! Ta mayar da mu mabarata, yau za ta gani."

Malamar Awo ita ce mai gwada ruwa a ɗakin gwaji. Watannin baya ta gano ruwan da muke turawa gari babu magani a cikinsa, alhali a takarda ana sayen maganin kowane wata. Ta faɗa wa Manaja, ya ce ta kula da aikinta. Da yara suka fara mutuwa da amai da gudawa a unguwannin gangare, sai ta kai magana hukumar da ke sama da mu. Daga nan aka tsayar da alawus ɗin kowa, wai sai an gama bincike, kuma Manaja ya tabbatar kowa ya san dalili. Aka daina amsa gaisuwarta. Aka fitar da teburinta baranda, aka sace tayar babur ɗinta, aka laƙaba mata suna Rediyo. Wata safiya mataccen ɓera ta samu a aljihun teburin. Gobe ne kwamitin bincike zai zauna ya saurare ta.

Sufeton 'yan sanda ya iso. Manaja ya tare shi da kujera da lemo mai sanyi, yana girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

"Yallaɓai, abin kunya ne. Ita ke kwashewa, da ta ga asiri zai tonu sai ta riga mu kai ƙara."

Sufeto ya sa aka zaunar da ita a ɗakin gadi. Na matsa kusa da shi na cire hula.

"Ranka ya daɗe, in ka tafi da ita yau, gobe wa zai tsaya gaban kwamiti?"

"Ba aikina ba ne, Baba. Kaya a bayan ɗakinta, takalmi nata. Me kuma kake so?"

"Ka bar ni in tambayi ƙasa."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai.

"Motarmu sai la'asar za ta zo. In ta zo, da ita zan tafi."

*

Na tsallaka igiya na durƙusa. Sawun takalmin nata ne, babu tantama. Gwamnati ta raba mana takalman roba duk lamba ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife mu, amma nata akwai inda ruwan gwaji ya ci dunduniyar hagu, kuma ga tabon nan a kowane taku. Sai dai ita ƙafarta ƙarama ce, tsumma take cusawa a gaba, don haka gaban sawunta ba ya nutsewa. Wannan kuwa yatsu sun danna ƙasa sosai. Na nuna wa Sufeto, ya taɓe baki.

"Mutum in ya ɗauki kaya ai dole ya nutse. Alƙali ba zai karɓi wannan ba."

Yana da gaskiya, ban ja ba. Na bi sawun shigowa. Daga wata ɓaraka da ke jikin shingen waya yake tafe sak zuwa sito, amma a tsakiyar fili, inda babu ko tsinke, sai ya yi dogon taku ɗaya kamar mai tsallake kwata. Na miƙe zan matsa gaba, sai na ji ƙafata ta ɗaga da kanta a daidai wurin. Na tsaya ƙafa a sama.

A da akwai wani ƙaton bututun ƙarfe da ya ratsa filin nan, tsayinsa ya kai ƙwauri. Ya fasa wa mutane da yawa ƙafa kafin a cire shi. An daɗe da cirewa, amma mu tsofaffin wurin har yau muna tsallake shi, sababbi na yi mana dariya. Malamar Awo bayan an cire shi aka ɗauke ta aiki.

Sawun baron shi ya ɗaure mini kai. Daga ƙofar sito zuwa ɓarakar shinge hanya miƙaƙƙiya ce, amma duk sawun da aka yi da kaya sai ya karkata dama, ya je har kusurwar katanga, ya yi kwana, sannan ya dawo. Wane ɓarawo ne zai ƙara wa kansa tafiya da nauyi a hannu? Na ɗaga kai na ga fitilar tsaro a saman sito, na ce to, haske yake gudu. Na roƙi Sufeto ya ɗauki hoton komai da wayarsa, ya ɗauka yana tsaki.

*

Na same ta a ɗakin gadi, zaune a kan benci, hannu biyu a tsakanin gwiwa. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi taɓa ni ke nan.

"'Yata, ina kika ajiye takalmin jiya?"

"Inda nake ajiyewa kullum, Baba, bayan ƙofar ɗakin gwaji. Tun da aka karɓe mini mabuɗi ɗakin a buɗe yake kwana."

"A ina kika kwana?"

"Gidan yayata, cikin gari."

"Me ya kai ki?"

"Ciyaman na ƙungiyarmu ne ya ce kada in kwana a nan. Ya ce ya ji ƙishin-ƙishin za a jefe mini rufi. Shi kaɗai ke tsaya mini a wurin nan, sai kai da kake amsa gaisuwata."

"Yayarki za ta yi shaida?"

"Za ta yi. Amma Sufeto ya ce shaidar 'yar'uwa ce, ba za a karɓa ba." Ta ɗago ido. "Baba, ba ɗaurin nake tsoro ba. In aka kira ni ɓarauniya yau, duk abin da na auna ya zama ƙarya. Gobe a rufe magana, jibi a ci gaba da tura wa mutane ruwan nan."

Na ce ta yi haƙuri.

*

Mai Sito na fara nufa, domin shi ne tsohon da ya fi kowa tsanar ta, kuma shi ma yana tsallake bututun. Na same shi yana ƙirga buhunan da aka dawo da su ta hanyar waje aka jibge bakin ƙofa, yana yi yana zagi.

"Kai ma ka zo ka tsaya wa Rediyo? 'Ya'yana an koro su daga makaranta saboda ita."

"Tambaya ɗaya zan yi, Mai Sito. Ina ka kwana?"

"Au, ni kake zargi? Ni da mabuɗi ke aljihuna zan zo ina datse kwaɗo?"

"Mai wayo haka zai yi."

Ya zabura zai miƙe, sai ya dafe kwankwaso ya koma ya zauna, gumi na keto masa. Ya ɗage riga ya nuna mini ɗamarar asibiti da ta naɗe masa ciki.

"Ka gani? Ƙaba aka yi mini aiki. Butar alwala ma sai an miƙo mini. Kuma ka sani sarai, tun da aka ɗauke ni aiki hannuna bai taɓa riƙe baro ba. Ni ba lebura ba ne."

Na bar shi yana ta faɗa. Mugun baki gare shi, amma wanda ya tura buhunan nan cikinsa lafiya lau yake.

Mai gadin dare kuwa a gida na taso shi daga barci. Ya fito yana murza ido, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Manaja ne ya ce in je in kwana a gidansa, wai matarsa ta ji motsi. Ni ɗan aike ne, Baba, kada ka sa ni a ciki. Ina da iyali."

"Ban sa ka ba. Fitilar saman sito fa, ka kunna kafin ka tafi?"

"Wace fitila? Ai ta mutu tun bara. An rubuta an sayi sabuwa, amma ni dai ban ga haske ba."

Na juyo gidan ruwa. Ashe ba haske ɓarawon ke gudu ba. Rana ta take, kuma ban da komai a hannu sai taku ɗaya da kwanar da ban gane ba.

*

Ciyaman shi ne shugaban ƙungiyar ma'aikata, kuma shi ne mutumina a wurin nan. Kwano ɗaya muke ci da rana shekara da shekaru. Lokacin da aka kwantar da matata, shi ya kwana da ni a barandar asibiti. Yaya yake ce mini duk da ya zama mai ofis da fanka. Na same shi ƙarƙashin rumfa ya buɗe kwano yana jira na.

"Yaya, zauna ka sa wani abu a cikinka. Tun safe kake rarrafe kamar mai neman allura."

"Yarinyar nan ba ta yi ba."

"Ni ma zuciyata haka ta ce. Amma ka san gwamnati. Ka bari su tafi da ita, jibi in je da lauyan ƙungiya in yi belinta, a kashe maganar cikin rufin asiri."

"Jibi kwamiti ya tashi."

"To ya za mu yi? Ka kusa ritaya, Yaya. Takardunka a teburin Manaja suke. Kada ka jawo wa kanka a kan abin da ba ka da iko da shi."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba, amma na ɗauka kulawa ce. Ya ɗauki cokali yana ci. Na tsokane shi, na ce yaushe Ciyaman ya zama Bature, mutumin da kullum ke cewa cokali na rage wa abinci albarka? Ya yi dariya ya ce girma ne ya zo.

A daidai lokacin leburori biyu suka fito daga bayan injin, suna tura baro cike da yashi ta wajen igiya. Na bi su da ido. Suna isa daidai inda bututun yake a da, suka wuce abinsu sak, ko a jikinsu. Sai wani tsohon hoto ya faɗo mini. Zamanin bututun, mai tafiya a ƙafa tsallakewa yake, amma baro ba ya tsallake. A kusurwar katanga ne kaɗai bututun ya nutse ƙasa, don haka duk lebura sai ya karkata dama ya je can ya yi kwana. Leburorin sito biyu ne a lokacin. Ɗaya ya rasu. Ɗayan aka yi masa ƙarin girma ya shiga ofis tun kafin a cire bututun, bai sake tura baro a filin nan ba.

Na dubi hannun Ciyaman da ke riƙe da cokali. Ya dunƙule tafin, da ƙyar yatsu ke kama shi.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce gwiwata ce ta motsa, na tashi. Wallahi a ranar na so a ce idona ya mutu tun a daji.

*

Na ja Sufeto gefe na faɗa masa suna a kunne. Ya yi dariya.

"Mai kare ta? Baba, rana ta taɓa ka."

"Hoton yana wayarka?"

"Yana nan."

"To zan share filin tas. In motarku ta zo, a tsayar da ita bayan shinge, wajen ɓarakar. Ka aiki leburori wani wuri. Ka tara kowa, ka ce ita za ta tura buhunan zuwa mota da kanta. In an yi haka, zan zana maka tun yanzu inda tayar za ta bi."

Na zana masa a ƙasa da tsinke, na goge. Ya nuna ni da yatsa.

"Ka san in ka share, ka share shaida da hannunka? In abin bai yi ba, da kai zan haɗa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Na ɗauki manjagara na bi filin. Duk abin da zai wanke yarinyar nan ni na shafe shi, saboda na amince ƙafar mutum ta fi bakinsa gaskiya. Manaja ya leƙo ta taga ya ga ina shara, ya yi murmushi har da ɗaga mini hannu.

*

La'asar na yi motar ta iso. Ma'aikata suka yi cincirindo bakin sito. Manaja na tsaye a inuwa yana kaɗa mabuɗin mota, Mai Sito a kan kujerarsa, Ciyaman a gaba da babbar riga. Aka fito da Malamar Awo. Ta dube ni, ta dubi filin da aka share, na ga ɗan hasken da ya rage a idonta ya mutu. Na sunkuyar da kai.

"Baba Mai Sawu ya gama dubawa, bai samu komai ba," in ji Sufeto. "Ke, yadda kika kwashe su jiya haka za ki tura su zuwa mota. Kama."

Aka ɗora buhu biyu a baro. Ta kama hannun, ta ɗaga da ƙyar, ta nufi ɓarakar sak. Ko taku biyar ba ta yi ba tayar ta nutse, baron ya karkace, ta faɗi kan gwiwa. Aka kwashe da dariya.

"Rediyo, batir ya ƙare?"

"Jiya da dare ai da ƙarfinki!"

"Tashi ki sake," in ji Sufeto.

Ta tashi, gwiwarta na jini. Ta sake kamawa. Ni kuwa Ciyaman nake kallo ta wutsiyar ido. Na san shi. Bai taɓa ganin taro ya bar damar jawabi ta wuce ba. Amma yau ya yi shiru, hannuwa cikin riga. Ta sake faɗuwa. Sufeto ya juyo ya harare ni, hannunsa ya kai kan ankwa.

Na ɗaga murya na ce, "Ashe ƙungiyar nan ba ta da shugaba. Ana wulaƙanta ma'aikaciya, mace, a gabanmu."

Idanu suka koma kansa. Ya gyara hula, ya tako.

"Haba Yallaɓai! Ko laifi ta yi, ai tana da haƙƙi. Muddin ina Ciyaman, ba za a ci mutuncin ma'aikaci a gabana ba. Matsa, ƙanwata."

Ya naɗe hannun riga, ya kama baron, ya ɗan yamutsa fuska, ya ɗaga shi kamar ba komai. Ya fara turawa yana magana ta kafaɗa, yana faɗin shekarun da ya yi yana kare talakan ma'aikaci. Bakinsa na jawabi, ƙafarsa na aikinta. Tayar ta karkata dama. Ta bar hanyar mota, ta nufi kusurwar katanga, ta yi kwana mai kyau, irin ta gwani.

Mai Sito ya fashe da dariya yana dafe ciki.

"Kai Ciyaman, ina za ka? Ai an cire bututun! Har yanzu leburancin bai sake ka ba?"

Wasu suka taya shi. Sufeto bai yi dariya ba. Ya fito da wayarsa, ya taka har kusurwar, ya dubi hoton, ya dubi sabon sawun da ke kwance shi kaɗai a filin da aka share. Ya miƙa wa Mai Sito wayar.

"Wannan na safe ne, kafin a share. Duba da kyau. Wa ke bin wannan hanyar da baro?"

Dariyar Mai Sito ta tsinke. Wayar ta bi hannu hannu.

"Leburorin da ne kawai," in ji Mai Sito a hankali. "Ɗaya kuma yana kabari."

Ciyaman ya saki baron. "Wace irin magana ce wannan? Taɓo na kauce wa."

"Buɗe hannunka," na ce.

"Yaya..."

"Buɗe hannunka, Ciyaman."

Sufeto ya kama wuyan hannun ya juya. Tafin duk bororo ne, sun fashe, maganin ya ci su sun yi fari. Hannun da ya yi shekaru yana riƙe biro ba ya kwana yana tura buhu ya tashi lafiya.

Ya yi tsuru-tsuru, ya juya yana neman idon Manaja. Manaja ya zura mabuɗi a aljihu ya gyara murya.

"Kai, abin mamaki. Ban taɓa zaton haka daga gare shi ba. Yallaɓai, doka ta yi aikinta."

"Doka?" Muryar Ciyaman ta fashe. "Kai ka cire mai gadi! Kai ka ce in sa takalminta, kai ka ce in kore ta cikin gari don kada ta ji motsi! Ka ce in ba a rufe bakinta yau ba, gobe da ni da kai za mu kwana a ɗaure. Ina takardar ɗaukar ɗana aiki da ka yi alkawari?"

"Ya haukace," in ji Manaja, ya juya ya nufi ofis da sauri. Ba wanda ya tare shi. Sufeto ya ce shi ba shi da umarnin taɓa Manaja, amma duk abin da kunnensa ya ji zai rubuta.

Malamar Awo na tsaye tana kallon Ciyaman. Sai yanzu hawaye ya zubo mata.

"Kai ne fa ka ce in dinga kiranka Kawu," ta ce.

Aka tasa ƙeyar Ciyaman. Da za a sa shi a mota ya tsaya a gabana.

"Yaya, kwano ɗaya muke ci."

"Shi ya sa na ga cokalin," na ce. Na juya baya, don ban so ya ga fuskata.

*

Washegari na iso bakin ƙofa da wuri. Masinja na jira na, ya ce Manaja ya ce daga mako mai zuwa an mayar da ni gadin madatsar ruwa, can inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, kuma maganar ritayata a dakata tukuna. Na ce ya gaishe shi.

Ma'aikata suka fara shigowa. Na gaishe da direba, ya kau da kai. Na gaishe da Mai Sito, ya yi kamar yana neman abu a aljihu. Jiya sun ga gaskiya da idonsu, amma alawus bai dawo ba, kuma yanzu mu biyu ne muka jawo. Na ji zafin abin har cikin ƙashina. Ita wata nawa ta yi tana shan wannan?

Motocin kwamiti suka shiga. Na ga ana jera musu ruwan roba a kan tebur a ɗakin taro, Manaja na kai da kawo da sabuwar riga. Can sai ga ta a ƙafa, gwiwa a ɗaure, takardunta a ƙirji.

"Ina kwana, 'yata."

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?"

Ita kaɗai ta amsa mini a safiyar.

"Na ji an tura ka madatsa," ta ce. "Saboda ni."

"Daji gidana ne. Ke dai ki shiga ki faɗi abin da kika auna, kada ki rage ko ɗigo."

Ta dubi tagar ɗakin taron, ta dubi robobin ruwan da aka jera. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki jug ɗina na shan ruwa da ke kan benci.

"Ara mini wannan."

Ta je famfon tsakar fili, wanda ke kan layi ɗaya da na unguwannin gangare, ta cika shi. Ma'aikata suka tsaya cak suna kallo. Ta ratsa filin sak, ruwan na ɗan zuba a hannunta, ta hau baranda. Ta taga na ga ta ture robar da ke gaban Manaja, ta ajiye jug ɗin, ta jawo kofi ta cika masa.

"Bismillah, Yallaɓai," na ji ta ce. "Naka ne. Sha a gabansu."

Shugaban kwamiti ya ajiye bironsa ya juya yana kallon Manaja. Hannun Manaja na kan tebur, kusa da kofin, bai motsa ba. Masinja ya jawo ƙofa ya rufe.